Tuwo a Rumbu, Miya a Kasuwa: Lambun Tsakar Gida Bayan Kullen Korona

[Kiɗan buɗe shiri]

Ina gaida mutanen Funtuwa da Malumfashi, da na Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Ɗandume, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, da duk inda muryar nan ta kai. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da hayaƙi. Manoma da ke sharar gona kuna duban gabas, Allah ya ba mu damina mai albarka.

Maganarmu ta yau a kan miya take. Tuwo kam Allah ya hore mana shi a wannan yanki. Duk wanda ya tsaya bakin kasuwar Ɗandume ko ta Bakori da kaka, ya ga yadda ake loda wa manyan motoci masara da dawa da waken suya ana yin Dawanau da Kudu da su, ya san ƙasar nan tana ciyar da mutanen da ko sunan garuruwanmu ba su taɓa ji ba. Ga tumatirin Ɗanja da rakenta, ga audugar da ta sa aka kafa masaƙa a Funtuwa. Amma da annobar korona ta zo a 2020 aka ce kowa ya zauna gida, a gidaje da yawa cefane ne ya riga hatsi yankewa.

Ku tuna yadda abin ya faro. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Najeriya, a Legas. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, kuma daga ranar 30 ga watan dokar kullen da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Legas da Ogun da Abuja ta fara aiki. A farkon Afrilu cutar ta ɓulla a jiharmu, a Daura. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta shiga kulle ƙananan hukumomin da aka samu masu ita, aka kuma dakatar da manyan kasuwannin mako na wani lokaci. Kano ta shiga nata kullen a tsakiyar watan. Aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har farkon Yuli. Ana cikin haka azumi ya kama a makon ƙarshe na Afrilu, cikin tsananin zafin bazara, ga iyakokin ƙasa kuma tun Agustan 2019 suke a rufe.

An ce motocin abinci ba sa cikin waɗanda aka hana wucewa, kuma haka dokar take. Sai dai shingayen hanya sun yi yawa, kowane shinge da nasa jiran. Buhun masara zai yi kwana uku a bayan mota ba abin da ya same shi. Kwandon tumatir kuwa yini ɗaya na ƙarin jira a cikin rana ya isa ya mai da shi ruwa. Shi ya sa mai lambu ya yi kukan asara a bakin fadama, a daidai lokacin da uwargida a cikin gari take kukan tsada. Kayan guda ne, hanyar da ke tsakaninsu ce ta toshe.

Akwai kuma abin da ya fi toshewar hanya ciwo, wato yadda muke yin cefane. A gidajenmu da yawa hatsi na shekara ne, ko na wata, ko aƙalla na mako. Cefane kuwa na yini ne. Maigida ya fita da safe, ya samo, ya aiko yaro da leda: tumatir, attarugu, albasa, ɗaurin alayyafo, ɗan manja a ƙulle, dunƙule biyu. Ranar da bai fita ba, ledar ba ta zo ba. To a kulle ɗan acaɓa bai fita ba, ɗan dako bai fita ba, tela da mai shayi da lebura suna gida, malaman makarantun kuɗi da dama sun yi watanni ba albashi. Ita ma uwargida da take rufa wa miya asiri da ribar awara ko ƙosai, makarantar da ake kai mata talla a rufe take, tasha ba kowa, adashe ya tsaya. Ga yara a gida wuni zur har wajen wata shida, kuma kun san yaron da ke zaune gida ba ya daina tambayar abin da za a ci.

Sai cimar gida ta sauya, kuma da yawanku za ku tuna yadda ta sauya. Nama ya koma sai ranar da Allah ya kawo. Shinkafa ta ja baya, dambu da fate da ɗanwake suka dawo. Aka lalubo kauɗar da aka shanya tun hunturu, aka koma wa kuka da busasshiyar kuɓewa, daddawa ta karɓi wurin da dunƙule ya ƙwace mata. Da ruwa ya sauka aka shiga tsinkar tafasa da lalo a bayan gari. Wannan duk alheri ne. Amma akwai gidajen da sauyin ya gangara da su wani wajen: taliya da manja da yaji safe da dare, ko gaya da ruwan miyar da ba komai a ciki sai gishiri da barkono. Ciki ya cika, jiki bai samu abin da yake nema ba.

A tsakanin waɗannan gidaje biyu, abin da na ga ya raba su sau da yawa ƙaramin abu ne. Gidan da ke da zogale biyu a jikin danga, da kabewa tana hawa rufin madafi, da gindin attarugu a tsohon bokiti, bai ji kullen kamar yadda maƙwabcinsa mai tsakar gida fetal da siminti ya ji shi ba. Ba wai sun fi kuɗi ba ne. Miyarsu ce ba ta jiran a buɗe kasuwa.

Kafin mu ci gaba, akwai maganar da ya zama dole in faɗa ƙarara, domin an yaɗa ta sosai a wayoyi a wancan lokaci. An ce lemun tsami da tafarnuwa da citta suna kashe korona. Ba sa kashe ta, zogale ma ba ya kashe ta. Abin da ganye da kayan marmari suke yi shi ne gina jiki, ta yadda in ciwo ya zo zai tarar da mutum da ƙarfinsa. Likitoci a duk duniya sun ga cewa korona ta fi yi wa tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini mugun kamu, kuma waɗannan cututtuka biyu suna da alaƙa da abin da muke ci. Amma wanda zazzaɓi ya kama, ko numfashinsa yake sarƙewa, asibiti zai nufa, ba gindin zogale ba. Rigakafin korona ya iso ƙasar nan a farkon Maris 2021, kuma shi aka yi domin kare mutum daga cutar.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, lambun gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu mata suna da garka a bayan ɗaki, suna da gayauna, suna kewaye gida da zogale ya zama shinge ya zama miya. Abin da ya faru shi ne gida ya cika. Kowane ɗa ya yi aure sai a yanka masa ɗaki a filin da garkar take. A cikin gari kuma filoti ya tsuke, muka shafe tsakar gida da siminti domin gudun taɓo, muka ɗauka ganye abin saye ne.

In wani ya ce muku bakin mutanenmu ba ya sauyawa, ku tambayi dattawan da suka haura saba'in, me aka fi tuƙawa a gidajensu suna yara. Za su ce muku dawa da gero. Masara a lokacin 'yar bayan gida ce, ana gasa ta da damina a ci a kore yunwa kafin hatsi ya nuna. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Aka zo da ingantaccen irin masara da takin zamani da malaman gona, aka gyara hanyoyin karkara. Ba a yi shekara ashirin ba tuwon masara ya zama na yau da kullum, masarar ta bar bayan gida ta mamaye gandu. Mutanen da suka iya sauya tuwonsu cikin shekara ashirin ba za su kasa gyara miyarsu ba.

Gwamnatoci ma sun sha yin wannan kira. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka nemi gidaje da makarantu su noma duk ɗan filin da suke da shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu haka aka yi a Ingila da Amurka, kuma a 2020 kamfanonin sayar da iri a can sun rasa yadda za su yi da yawan masu nema. Irin wannan kira yakan zo da wahala ya tafi da ita. Ni abin da nake so shi ne namu ya zauna, domin matsalar da ke gidajenmu ta girmi korona.

Ga dalili. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018, shekara biyu kafin annobar, ya nuna cewa a duk yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya, 37 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Katsina adadin ya kai wajen 61. Binciken ya kuma nuna kashi 58 cikin 100 na matan ƙasar nan masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Wannan lissafi yana ci mini rai, domin jihar da ke fitar da hatsi mota-mota ce ake faɗa wa haka. Tsumburewa tana da dalilai da yawa, akwai gudawa da zazzaɓin cizon sauro da rashin tsabtataccen ruwa, amma babba a cikinsu shi ne cin abu ɗaya kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a yini, kusan cikin hannu biyar ke nan. Kowa ya dubi kwanon da ya ci jiya ya auna da kansa.

To yaya za a fara? Bari in ɗauki gidan da ya fi kowane wuya, gidan haya a cikin Funtuwa ko Malumfashi, ƙasa duk siminti, ga awakin maƙwabta. Uwargida, ki fara da duba rana. Ki lura da kusurwar da rana take samu aƙalla awa 6, musamman ta safe zuwa azahar. Nan ne lambunki. In ginin ƙasa ne, ki ja baya da jikin bango kamar taku biyu, kada danshin ban ruwa ya ci gindin katanga.

Ki samo buhunan shinkafa ko na taki waɗanda aka juye, ki wanke su tas. Tsohon bokiti, fasasshen baho, jarkar da aka yanke, duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, komai wankin da aka yi masa. Ki huda gindin buhun wuri biyar ko shida domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, ki naɗe bakinsa, ki ɗora shi a kan duwatsu ko bulo. Ƙasar kuwa, kwano biyu na ƙasar gona, kwano ɗaya na takin gida, in ƙasar mai laka ce a ƙara ɗan yashi. A nan mutane suka fi yin kuskure: ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. Taki sai ya ruɓe. Ki damƙo shi a hannu. In ya yi baƙi, yana marmashewa, ba zafi ba wari, ya yi. In har yanzu yana ɗumi, a tara shi a inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har wasu makonni. Ƙasar bola kuma a tankaɗe ta, domin ba a rasa fasasshen gilashi da leda da tsohon batir a ciki, kuma batir guba ne.

Abin da za ki fara shukawa shi ne alayyafo, don shi ne mai saurin faranta rai. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, in kika watsa shi haka zai fito a cunkushe. Ki haɗa ƙaramin cokali ɗaya da yashi cikin hannu, ki barbaɗa, ki rufe da ƙasa sama-sama, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Cikin kwana huɗu ko biyar za ki ga tsiro, sai ki janye ciyawar. Mako 3 zuwa 4 ya isa miya. Kada ki tuge shi. Ki yanka ki bar kamar tsawon yatsa biyu zuwa taƙi ɗaya, zai sake tofowa. Dabarar da ta fi duka ita ce kada ki shuka buhunanki rana ɗaya. Wannan yau, wancan bayan mako biyu, na uku bayan wasu biyun. Ta haka ba ranar da za ki rasa na yanka, ba kuma ranar da zai yi miki yawa ya tsufa.

Kuɓewa a jiƙa irinta ta kwana, a sa ƙwaya uku a rami, in ta fito a bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi a buhu. Wajen wata biyu take fara 'ya'ya, kuma tana son a riƙa cire su duk bayan kwana biyu, in aka bari suka ƙosa sai ta rage haihuwa. Yakuwa da rama da lalo da damina kusan kansu suke reno. Albasar da ta tsira a kwando kada a yar, a binne gindinta a samu lawashi. Attarugu yana da nawa wajen tashi, amma in ya kama zai daɗe yana ba ki. Kabewa gindi ɗaya ya isa, a nuna mata danga ko rufin madafi ta hau. A ci ganyenta, a ci 'ya'yanta, kuma wadda ta ƙosa takan yi watanni a ɗaki ba ta lalace ba.

Zogale kuwa, in akwai ko da taku ɗaya na ƙasar da ba siminti, a ba shi. Reshe mai kauri, tsawon kamu ɗaya ko biyu, a kafa shi da farkon damina. Ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. In ya kai ƙirji a datse kansa, domin in aka ƙyale shi sama zai miƙe ya bar ki da sanda, in aka datse sai ya yi rassa inda hannu ke kaiwa. Gwanda ma a shuka uku ko huɗu, don wasu maza ne ba sa 'ya'ya, kuma cikin shekara guda ake fara sha.

Tumatir na bar shi ƙarshe da gangan. Kowa shi yake so ya fara da shi, kuma shi ne ya fi karya gwiwar sabon mai lambu. Da damina cututtukan ganye suna damunsa, ga tsutsar nan sharon da ta cinye lambunan Arewa a 2016, har yau ba ta bar mu ba. Ki bari sai ruwa ya ɗauke, ki yi renonsa wajen mako huɗu, ki dasa da sanyin hunturu. Kuma tun da daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan yi arha a kasuwanninmu, wani lokaci sayensa a yanka a shanya ya fi nomansa a gida sauƙi. A shanya a kan tabarma ko buhu mai tsabta, a bisa wani abu, ba a gefen kwalta inda ƙura da dabbobi suke bi ba.

Na san tambayar da ke bakinku: ruwa fa? Waɗanda ke kusa da madatsar Mairuwa ko ta Gwaigwaye ko bakin fadama suna da nasu sauƙin. Mai sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa da bazara ba zai sayi ruwa don alayyafo ba, kuma ban ce ya saya ba. A fara da damina, lokacin da ruwan kyauta ne. Da rani kuma a rage buhunan zuwa uku ko huɗu, a riƙa ba su ruwan da dama zubarwa za a yi: na wankin shinkafa, na wankin ganye, na alwala in an tara a baho. Ruwan da ke da sabulun wanki mai yawa ko maiƙo, da ruwan kwata, waɗannan a kai su nesa. A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a rufe saman ƙasar da ciyawa ko ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye. Mai ɗan fili ya binne ƙaramin tulu na ƙasa har wuya a tsakiyar fangali, ya cika shi ya rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Duk ruwan da aka tara kuma a rufe shi, kada garin neman miya mu yi kiwon sauro.

Ƙwari za su zo. Darɓa za ta taru a bayan ganye, tsutsa za ta huda shi, fara za ta yi nata. A lambun buhu biyar hannu ya isa: a duba bayan ganye kowace safiya, a cire abin da aka gani. A barbaɗa toka. In abin ya yi yawa a daka ganyen bedi ko 'ya'yansa, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Abin da nake roƙonku da girman Allah shi ne kada a fesa fiya-fiya ko ragowar maganin auduga da na masara a kan ganyen da za a yanka jibi. Waɗannan magunguna ba a yi su don abin da za a ci cikin kwana biyu ba, kuma lambun nan a inda yara ke rarrafe yake. Awaki da kaji kuwa, maganinsu danga ce ta kara ko tsohon gidan sauro.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu mu shiga madafi, domin ana iya noma ganye mai kyau a kashe shi a tukunya. Mu ɗauki kwaɗon zogale. An saba a cika tukunya da ruwa, a jefa kanwa, a bar shi yana tafasa har ya yi baƙi, a tsiyaye ruwan a zubar. Wani kaso na amfaninsa ya bi ruwan nan, wani kuma kanwa da daɗewa a wuta sun lalata shi. A tsinko ganye matashi, a wanke kafin a dafa, ruwa kaɗan, a sauke da zarar ya yi laushi yana sauran korensa. Sannan a zuba ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai, a matsa lemun tsami. Kowannensu da aikinsa: ƙuli-ƙuli yana gina jiki, mai yana taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin da ke kare ido, tsamin lemu kuma yana taimaka masa ya karɓi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shayi akasin haka yake yi, don haka mai ciki da mai shayarwa su ba da tazara tsakanin abinci da kofin shayi.

Abin da ya yi yawa da damina a shanya domin bazara, amma a inuwa mai iska, a cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa. Ganyen da ya bushe yana kore ya fi wanda rana ta mai da shi ruwan ƙasa. A daka, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Dunƙule kuma a rage hannu, domin yawancinsa gishiri ne, kuma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan har da wanda ke cikin dunƙulen.

Sai kwanon yaro, wanda duk wannan magana dominsa nake yin ta. A gidaje da yawa ƙaramin yaro loma ake ɗiba masa a dangwala a ruwan miya, kaurin miyar da ɗan naman suna kwanon manya. Daga wata shida, bayan nono zalla, yaro yana bukatar abinci mai kauri tare da nonon. Ƙaramin cokali na garin zogale a kununsa, dafaffiyar kabewa a murje da ɗan mai, gwanda, ƙwai in an samu, garin waken suya ko na gyaɗa. In kuwa yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zubewa, an wuce maganar lambu, a kai shi asibiti a ranar.

Maigida, ga taka. Wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Kai ke zuwa gona, kai za ka ɗauko ƙasa da taki a bayan babur ko amalanke, kai za ka kafa danga. Kuma don Allah, ranar da ka ga alayyafo ya yi kore a tsakar gida kada ka ce an huta da kuɗin cefane. Lambun buhu ba ya ba da manja, ba ya ba da wake, ba ya ba da kifi ko ƙwai. Abin da aka rage na ganye a mai da shi kan waɗannan. In ka janye kuɗin, wahalarta ta ƙaru, kwanon bai ƙaru da komai ba, kuma baɗi ba za ta sake shukawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona a Mayun 2023, amma mu nan mun ga wasu kullen bayan na annoba. A Satumbar 2021, saboda matsalar tsaro, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, an rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an taƙaita harkar kasuwanni. A farkon 2023 takardun kuɗi suka ɓace, mai kuɗi a banki ya kasa sayen albasa. A ƙarshen Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya hau kan kowane kwando. 'Yan'uwanmu na Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara da yawa sun bar gonakinsu na nesa, wasu suna zaman haya a cikin gari. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Manomin da aka raba da gonarsa bai manta noma ba. In maƙwabcinka ne, ka ba shi buhu da iri, ka kuma tambaye shi, don wataƙila ya fi ka sanin abin da ke damun kuɓewarka. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Iri kuma ba sai an saya kullum ba. A bar gindin alayyafo ɗaya ya yi kai ya bushe, a bar kuɓewa biyu su ƙosa a jikin uwarsu, a cire 'ya'yan kabewar da ta fi daɗi a shanya. A haɗa da ɗan toka a zuba a kwalba, a ajiye inda ba danshi. Sai dai irin kamfani da ake kira haibirid, wanda aka fi samu a tumatir da kabeji, in aka ajiye 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu, shi kam sai an sake saye. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na hukumar KTARDA da ke yankinsa, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru nan kusa da mu a Zariya.

A wannan mako, kafin ruwa ya zauna, a tara taki a inuwa ya fara ruɓewa, a wanke buhu uku, a nemo reshen zogale a wajen maƙwabta. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga rumbu, mu yi maganar adana wake da masara ba tare da zuba musu guba ba.

[Kiɗan rufe shiri]